Akwatin Gidan Waya na Baba Raji

'Yar ƙanena ta gama jami'a bana, ta nemi aikin kwamfuta a wani bankin zuba jari tana kwance a kan tabarma da waya a hannu. Da ta gama sai ta juyo ta ce mini, "Baba, ku kam kun more. A zamaninku ai da mutum ya ce ya san kwamfuta shi ke nan, babu mai iya gwada shi." Na yi dariya na ƙyale ta. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda na shiga wannan sana'a, ku da kuke ganin danna maɓalli ce kawai.

Sunana Garba Mahuta. Mahuta ba sunan ubana ba ne, sunan garinmu ne, nan kusa da Funtuwa. Ranar da na shiga makarantar kwana malami ya kira Garba, muka miƙe da yawa, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowa sunan garinsu. Haka ake yi wa kowa a lokacin, a makaranta da asibiti da ofishin haraji. Da wannan suna na yi digirin lissafi, da shi na yi bautar ƙasa, da shi kuma wani banki mai hedikwata a Ikko ya ɗauke ni aiki a ofishinsa na Kaduna wajen ƙarshen shekarun saba'in.

A gida an sha wuya kafin a gane irin bankin. Kawuna Musa, ƙanen mahaifiyata, ya ce zai kawo kuɗin audugarsa in ajiye masa, na ce ba ma karɓar ajiya. Ya ce to rance fa, na ce sai dai kamfani. Ya dube ni ya ce, "To kai wane irin banki ne wannan, ba ku karɓa ba ku bayarwa? Ko dai aikin masinja suka ba ka kana jin kunyar faɗi?" Aikinmu shi ne idan kamfani yana son jari, mu ne dillalai. Mu za mu sa wa hannun jarinsa farashi, mu tallata, mu karɓi takardun masu saye, mu raba. Ni kuwa ina sashen inji, inda ake tace takardun.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ɗaukar akwatin kati daga ɗakin huji zuwa ɗakin inji. Katin nan kwali ne mai ƙwari, tsawonsa bai kai tafin hannu da yatsu biyu ba, yana da gurbi tamanin. Kowane harafi huji ne a gurbinsa. Abin da kuke kira manhaja yanzu mu firogiram muke ce masa, kuma tulin kati ne a jere, in ɗaya ya shiga gaban ɗan'uwansa komai ya rushe. Maigidana a sashen, Mista Bassey, mutumin Kalaba ne, gajere, ba ya dariya kafin azahar. Na ɗauko akwatin ina taƙama da kwat ɗina sabuwa, sai ya sa hannu ya ture shi da gangan, katin ya watse a ƙasa. Ya ce da Turanci, domin Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, "Mai digiri, jera su." Na wuni a durƙushe. Da yamma ya ɗauko alƙalami mai kaurin baki ya ja layi a karkace a kan bakin tulin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce daga yau kafin in ɗaga kati in ja masa wannan layi, in ya zube layin zai nuna mini gurbin kowanne. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, amma ban sake ɗaukar kati ba layi ba.

Ɗakin injin sanyi gare shi kamar cikin randa, kuma sai ka cire takalmi a ƙofa. Injin kansa ya cika rabin ɗaki, faifan tef na juyawa a jikinsa, injin buga takarda na ƙara kamar ana sussukar dawa. Sabon shiga ba ya rubuta firogiram, ba ya ma karanta shi. Naka shi ne huda kati, sai wani ya sake bugawa a injin dubawa don a kama kuskurenka, sai ka ɗauki tef na jiya da na shekaranjiya ka kai ma'ajiya a wani gini daban. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai a koma farko, kuma wutar Kaduna ba ta da alkawari. Daga baya mun ga shekarar tsiya, lokacin tsuke bakin aljihu, da kayan gyara suka daina shigowa. Har muka koma shafa wa tsohon zaren firinta tawada da burushin haƙori, muna buga aiki a bayan takardar da aka riga aka yi amfani da ita, rabin abokan aikina kuma aka sallame su. Wannan duk wahala ce, ta wuce. Aikin da ya koya mini sana'ar ya riga wannan shekara zuwa.

Gwamnati ta sa doka kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na jarinsu. A cikinsu akwai wani kamfanin matsar man angurya da ke sayen kaya a ƙasarmu, bankinmu ne ya samu dillancinsa. Manyan suka ce tunda manoman Funtuwa da Malumfashi ne ke noma audugar, a kai musu tallan har gida. Ni kaɗai ne Bahaushe a sashenmu, sai aka ba ni tebur da kujera a Funtuwa daidai lokacin da kuɗin auduga ya shigo hannun mutane. Na bi Bakori da Tsiga da Malumfashi ina bayani, har muryata ta dushe. A garinmu kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, ɗansu ne ya zo da abu, suka fito kwansu da kwarkwatarsu.

Fom ɗin an tsara shi ne a Ikko. Yana da gurbin suna, da gurbin sunan iyali, da gurbin adireshi. Mutum zai zauna ka ce sunanka, ya ce Musa. Sunan iyali fa, ya dube ka. Sai a rubuta Mahuta, yadda aka saba. Akasarin fom ɗin ma mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ne ya cika, mai shi ya dangwala yatsa. In aka zo adireshi kuwa, amsa ɗaya ce a bakin kowa: "Sa na Baba Raji."

Baba Raji Bayarabe ne, Musulmi, mai kantin kayan keke da fitilu a bakin kasuwar Funtuwa. Tun yana saurayi ya zo garin, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yana da akwati a gidan waya, kuma tun kafin a haife ni wannan akwati shi ne adireshin Mahuta gaba ɗaya. Wasiƙar soja daga bakin daga, takardar shiga makaranta, saƙon ɗan ci-rani, duk nan suke faɗawa. Ranar kasuwa sai ya jera su a kan kanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Takardar ɗaukata aiki ma shi ya buɗe ta ya karanta wa mahaifina. Shi kansa ya sayi hannun jari kaɗan, ya ce don kada a ce ɗansa Garba ya zo da kaya bai taya ba.

Na kwashi fom na koma Kaduna, muka huda, muka duba, na ja layina. Abin da ban sani ba, domin ba a nuna wa sabon shiga, shi ne akwai wata ƙa'ida a cikin firogiram ɗin. Doka ta hana mutum ɗaya ya cika fom da yawa da sunayen ƙarya don ya kwashe rabon wasu, kuma a Ikko ana yin haka sosai. Saboda haka aka ce wa injin, in ya ga sunan iyali ɗaya da adireshi ɗaya sun yawaita, ya ware su, ya fitar da sunan mai adireshin. Takardar da ya fitar ba ta biyo ta teburina ba, kai tsaye ta tafi wurin lauyar banki. Ita kuwa ta jawo fom ɗin ta ga rubutun hannu iri ɗaya, ga dangwalen yatsa maimakon sa hannu, ga Musa Mahuta a jere kamar an shuka su. Ta yi abin da aikinta ya ce. Ta dakatar da rabon duk wanda ke wannan adireshi, ta rubuta wa 'yan sandan Funtuwa.

Ni ban ji ba sai da ƙanena ya biyo motar haya ya same ni a ofis. Ya ce 'yan sanda sun je kantin Baba Raji ranar kasuwa, sun tafi da shi a gaban jama'a, sai da manyan 'yan kasuwa suka tsaya masa aka sake shi. Kafin rana ta faɗi labari ya kai Mahuta, kuma ya kai a karkace. Cewa aka yi Baba Raji ya yi amfani da sunayen mutane don jarin ya zama nasa, shi ya sa banki ya riƙe komai. Washegari mutanenmu suka cika ƙofar kantin. Kawu Musa ne a gaba, ya faɗa masa a bainar jama'a cewa ashe baƙo ko ya shekara ɗari baƙo ne. Da na ji wannan na miƙe nan take, domin na san tsohon, na kuma san ni na kai teburin garin.

Na shiga wurin Mista Bassey ban ko cire takalmi ba. Na ce injinsa ya yi kuskure, a cire katin Baba Raji yanzu-yanzu. Ya dubi ƙafata sai da na koma na cire, sannan ya ce, "Injin bai yi kuskure ba. Abin da aka ce ya yi, shi ya yi. In na zare kati ɗaya da hannu saboda ka san mai shi, gobe wani zai zare na ɓarawo saboda ya san shi." Na ce ai gari guda ne, ba mutum ɗaya ba. Ya ce, "Gari guda sunan uba ɗaya?" Na ciro katin shaidar aikina na ajiye masa, na ce ya karanta sunana. Ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya buɗe durowa ya ɗauko firogiram ɗin da aka buga a takarda, ya miƙo mini, karo na farko ke nan. Ya ce in nemo inda ƙa'idar take, in kuma zo masa da abin da injin zai iya bambanta Musa da Musa da shi, domin inji ba ya jin labari.

Lauyar ta fi shi tauri. Ta ce ita takarda ta gani, kuma ba za ta janye ƙara don wani yaro ya ce garinsu ne ba, sai ta ga mutanen da idonta. Gani ya kori ji, ban ga laifinta ba. Muka ɗauki hanya, ni da ita da Mista Bassey da direba, da fom cike da but ɗin mota. Na riga na aika wa mai gari, saboda haka muka tarar da jama'a zaune a inuwar ƙofar gidansa, mata kuma a zaure. Baba Raji ma ya zo a kan babur ɗinsa, ya zauna can gefe shi kaɗai a kan benci. Babu wanda ya matsa kusa da shi.

Lauyar ta ɗauki fom na farko ta kira, "Musa Mahuta." Mutane suka miƙe ta ko'ina, tsofaffi da matasa, har da wani da ya taso daga kan jakinsa. Ta dube ni, na ce ta ci gaba. Ta kira Ibrahim Mahuta, wasu suka miƙe. Da ta kira Hauwa Mahuta sai zaure ya ɗauki guɗa da dariya, wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Wacce daga ciki, 'yar nan? Ta gidan Liman, ko mai ƙosai, ko ni?" Mista Bassey ya juya baya yana tari, ashe dariya ce ta kama shi, kuma azahar ba ta yi ba.

Muka zauna aiki. Kowa ya zo ya sake dangwala yatsa lauya ta gwada da na fom, ni kuma ina tambayar sunan uba da laƙabi. A nan na samu abin da Mista Bassey ya nema. A Mahuta babu wanda ke ruɗa Musa Dogo da Musa Mai Shanu ko Musa na Inna, ofis ne kawai ke ruɗa su. Katin yana da guraben da ba a amfani da su a ƙarshe, na ƙudura a nan zan huda sunan uba da laƙabin. Da layi ya zo kan Kawu Musa, ya dangwala yatsa bai ɗaga kai ba. Na yi wa jama'a bayani da babbar murya, cewa Baba Raji bai taɓa ko sisin kowa ba, adireshinsa da ya ba su aro kyauta shi ne ya jawo masa. Mai gari ya ce a je a ba shi haƙuri. Aka je, Kawu a gaba kamar wancan karo. Baba Raji ya ce, "Ba komai, Malam Musa. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya buga babur ɗinsa ya tafi, bai tsaya cin abincin da aka kawo ba.

A Kaduna muka sake huda katin Mahuta kaf, da na Tsiga da wasu garuruwan da muka gano suna gab da faɗawa ramin. Mista Bassey ya sa ni na rubuta gyaran ƙa'idar da hannuna, ya duba, ya soke rabi, na sake. Sabuwar ƙa'idar ta ce injin ya haɗa da sunan uba da laƙabi, kuma duk wanda ya ware, sai mutumin da ya san yankin ya duba kafin takarda ta fita daga sashenmu. Hedikwata ta ja ƙafa kafin ta yarda, amma ta yarda. Aka sake gudanar da aikin, kowa ya samu rabonsa, lauya ta rubuta wa 'yan sanda ta janye ƙara, ta kuma rubuta wa Baba Raji takardar ban haƙuri. Wannan gyara shi ne firogiram na farko da na rubuta a banki, a kansa aka tabbatar da ni a aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Akwai wani ƙaramin tulin kati da ake ajiyewa daban, na mutanen da banki ba zai ƙara hulɗa da su ba. Mista Bassey ya zare na Baba Raji a gaban lauya, suka sa hannu, ya ba ni ya ce in kai masa tare da takardar. Na same shi a kanti da hantsi yana jera tayoyin keke. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a kamar kullum, ya tambayi aiki da mutanen Kaduna. Ya karanta takardar ya ninke. Katin kuwa ya ɗaga shi sama yana kallon haske ta cikin hujin.

Ya ce, "Garba, duk fitinar nan waɗannan 'yan ramukan ne?"

Na ce, "Su ne, Baba. Amma an cire. Sunanka ya fita tas, babu sauran komai a injin."

Ya ce, "To madalla, Allah ya yi maka albarka. Na injin kun cire. Ka san jikata ta dawo daga islamiyya tana kuka, yara sun ce mata jikar ɓarawo? A garin nan aka yanke cibiyar ubanta." Ya ajiye katin a kan kanta. "Da 'yan sanda suka tafi da ni ban ji komai ba, aikinsu ne. Amma Malam Musa, ni na karanta masa wasiƙar rasuwar ƙanensa a wurin nan da kake durƙushe, muka yi kuka tare."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani ɗan makulli da ya sha hannu har ya yi sheƙi, ɗaure da zaren fata. Ya ce tunda gidan waya a kan hanyata yake, in taimaka in miƙa musu, ya gama da akwatin. Na roƙe shi, na ce mutanen sun yi nadama, na ce ya dubi Allah. Ya ce, "Na yafe, ɗana, wallahi na yafe. Tsufa ne ya zo, ba zan iya ɗaukar sunan gari guda a wuyana kuma ba."

Na kai makullin. Ma'aikacin gidan waya ya buɗe akwatin don ya kwashe abin da ya rage, sai ga shi cike taf da ambulan na bankinmu, takardun shaidar hannun jarin mutanen Mahuta ne suka iso a makon. Ya tattara su ya rungume a ƙirji, ya dube ni ya ce, "To Malam, waɗannan fa, a hannun wa za a ba su?"